Agogon Gwamnati Da Agogon Rana: Gargaɗi Ga Masu Madubin Hangen Taurari A Ƙasar Rano

Kowa ya sani mutanen Maiduguri su kan riga mutanen Kano shan ruwa da azumi, na Kano kuma su riga na Sakkwato, alhali kuwa agogon da ke hannun kowannensu ƙarfe ɗaya ya ke nunawa. Ratar da ke tsakanin Maiduguri da Sakkwato ta kai rabin sa'a. Ba a gardama a kan wannan, domin ido ke ganin faɗuwar rana, amma mutane kaɗan ne suka tsaya suka tambayi dalili. Muddin dai mutum da idonsa ya ke duban sama, rashin sanin dalilin ba ya cutarsa da kome. Ran da ya miƙa wa na'ura aikin duban kuwa, ran nan zai ga tasku. Saboda haka muka ga ya kamata mu yi wa malaman makaranta da akawuna bayanin wannan al'amari dalla-dalla, mu ɗauki Rano da Kibiya su zama misali.

MADUBI DA AKALARSA

Na'urar da mu ke nufi ita ce madubin hangen taurari irin na zamani, mai juya kansa. Shi wannan madubi yana zaune bisa gindi mai ƙafa uku, a cikin gindin kuwa akwai ƙananan injuna biyu masu karkata shi duk inda a ke so. Akwai kuma wata 'yar na'ura mai maɓallai, kamar wayar hannu, wadda ke ba injunan umurni. Ita za mu riƙa kira akala a cikin wannan bayani, gama aikinta ke nan, jan madubi kamar yadda a ke jan raƙumi. In ka latsa sunan wata, ko na Zara, sai ka ji inji ya tashi, madubi ya juya ya tsaya a kan abin da ka nema. Kamfanin Meade na Amurka ya fito da irinsa mai suna LX200 a 1992, sa'an nan Celestron da Sky-Watcher da waɗansu suka cika kasuwa da nasu.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne, yawancin akalun nan makafi ne. Ba su ganin sama ko kaɗan, lissafi kawai su ke yi. Da ka kunna akala sai ta yi maka tambayoyi huɗu: ina ka ke tsaye a bayan ƙasa, yau nawa ga wata, ƙarfe nawa yanzu, kuma agogon wane yanki ne wannan da ka faɗa. Waɗansu masu tsada su kan samo amsar da kansu ta hanyar GPS, amma saura sai an gaya musu. Abin da ka gaya mata shi za ta riƙe gaskiya. In ka ba ta ƙarya ba za ta musa maka ba, sai dai ta kai ka inda babu kome.

DIGIRI ƊAYA, MINTI HUƊU

Duniya tana juyawa daga yamma zuwa gabas, tana kewayo ɗaya cikin sa'a 24. Masana sun kasa kewayen nan kashi 360, kowane kashi sunansa digiri. In ka raba 360 da 24 za ka sami 15, watau sama tana gocewa digiri 15 a kowace sa'a, ko kuwa digiri ɗaya a kowane minti huɗu. Domin mai karatu ya gane girman digiri, faɗin wata ran goma sha huɗu kimanin rabin digiri ne, dunƙulen hannu kuwa in ka miƙa shi sosai ya kan rufe kimanin digiri 10 na sama.

A kan taswira ana zana layuka daga ƙuryar arewa zuwa ƙuryar kudu, su ne layukan tsaye, da su a ke sanin nisan gari gabas ko yamma. Waɗanda suka gilma su kuwa su ne layukan kwance, masu nuna nisan gari arewa ko kudu. A watan Oktoba na 1884 wakilan ƙasashe 25 suka taru a Washinton, suka zaɓi layin da ya ratsa gidan duban taurari na Girinwic, a gefen Landan, ya zama mafari. Ƙasashe 22 suka yarda, ɗaya ta ƙi, Faransa da Birazil suka yi shiru. Taron ya kuma yanke cewa a riƙa ƙirga digiri 180 ta kowane gefe, gabas da alamar tarawa, yamma da alamar ɗebewa. Layin nan ya biyo ta Afirka ta Yamma, ya faɗa teku a Tema ta ƙasar Gana.

Rano tana kimanin digiri 8 da minti 35 gabas da layin Girinwic. Mintin nan ba na agogo ba ne, kashi ɗaya ne cikin sittin na digiri. In ka riɓa wannan da huɗu za ka ga rana tana tsayawa tsaka a Rano minti 34 kafin ta tsaya a Girinwic. Kibiya tana gabas da Rano kaɗan, wajen digiri 8 da minti 40, saboda haka ta kan riga Rano ganin zawali da kimanin daƙiƙa 20. Wannan ba abin damuwa ba ne. Malamin da ya ɗauki madubi daga Rano ya kai Kibiya ko Bunkure, ko bai sāke lambar wuri ba madubin zai yi masa aiki, gama a ƙasarmu sai ka yi tafiyar wajen mil 68 gabas sosai kafin ka ci digiri ɗaya. Kuskuren mil biyar ko goma ba ya ɓad da madubi. Abin da ke ɓad da shi na nan tafe.

AGOGONMU NA NJAMENA NE

Agogon da mu ke bi ba agogon ranar Rano ba ne, ba kuma na Kano ko na Ikko ba. Yarjejeniya ce ta Gwamnati. A zamanin da kowane gari da inuwarsa ya ke aiki, ladan ya dubi inuwa ya kira salla, ba wanda ya damu da abin da ke faruwa a wani gari. Da aka ja wayar tangaraho, hanyar jirgin ƙasa kuma ta iso Kano a 1911, sai ya zama tilas tasha da tasha su yi magana da agogo ɗaya. A farkon 1914, da aka haɗa Kudu da Arewa, aka sa agogon Nijeriya ya riga na Girinwic da rabin sa'a. Wannan ya yi daidai da layin digiri 7 da rabi, wanda ya ratsa tsakiyar ƙasar, kuma a lokacin nan minti huɗu kawai ke tsakanin agogo da ranar Rano. Ran 1 ga Satumba 1919 aka ƙara rabin sa'a, ya zama sa'a guda cif, haka kuwa ya ke har yau.

Sa'a guda ita ce digiri 15. Abin mamaki shi ne, layin digiri 15 bai taɓa ƙasar Nijeriya ba ko da taƙi ɗaya, ta Njamena ya bi, babban birnin Cadi. Watau duk mutanen Nijeriya da agogon ranar Njamena su ke aiki. Tsakanin layin nan da Rano akwai digiri 6 da minti 25, shi ya sa in agogo ya buga sha biyu a Rano rana ba ta tsaya ba tukuna, sai wajen ƙarfe 12 da minti 26. Har wa yau tafiyar rana ba ta zama daidai da ta agogo duk shekara. A farkon Nuwamba zawali ya kan yi sammako, ya zo wajen 12 da minti 9, a tsakiyar Fabrairu kuwa ya makara har wajen 12 da minti 40. Masu lura da jadawalin salla sun san haka.

To, ga gindin maganar. Layin tsaye abu ɗaya ne, shi ne wurin da Allah ya ajiye garinka. Yankin agogo wani abu ne dabam, shi ne abin da hukuma ta zaɓa. Akala tana bukatar ko wanne shi kaɗai. Da yankin agogo ta ke mai da ƙarfen da ka faɗa zuwa agogon GMT, wanda masu sauraron rediyo suka saba ji, sa'an nan da layin tsaye ta ke komowa daga Girinwic zuwa samaniyar garinka. Wani mai wayo, da ya ji an ce ranar Rano tana bayan agogo da minti 26, sai ya rage mintin nan daga ƙarfen da zai shigar, yana tsammanin taimakon akala ya yi. Alhali ita ma za ta rage su da kanta, an rage sau biyu ke nan, madubi ya kauce da faɗin wata 13. Agogon hannunka za ka faɗa mata yadda ya ke, sauran lissafin nata ne.

KURAKURAI HUƊU

Na fari shi ne musanya gabas da yamma. A kan akala harafin E ke nufin gabas, W kuwa yamma. In aka bar W, akala za ta ɗauka kana digiri 8 da minti 35 yamma da Girinwic, can wajen Bamako ta ƙasar Mali. Kuskuren ba digiri 8 ba ne, ninkinsa ne, ya ɗara digiri 17, faɗin wata 34 ke nan. Akwai kuma tarko a nan. Ko da ya ke taron 1884 ya ba gabas alamar tarawa, waɗansu masana taurari sun daɗe suna ƙirgawa ta yamma. Tsohon LX200 haka ya ke yi, yana ƙirga yamma tun daga sifiri har 360, saboda haka a gare shi Rano ba 8 da 35 ba ce, 351 da 25 ce. Na'urori da yawa sun ari harshensa, wayar hannu kuwa gabas ta ke ba tarawa. In ka haɗa kwamfuta ko waya da madubi, lalle ka duba abin da ya bayyana a fuskar akala bayan sun yi magana da juna, kada ɗaya ta ce gabas ɗaya ta ji yamma.

Na biyu shi ne yankin agogo. Namu +1 ne, haka na Nijar. Madubin da aka sayo na hannu daga Ingila ya kan zo da sifiri, in ba a gyara ba an yi kuskuren sa'a guda, digiri 15. A harshen LX200 kuwa tambayar a juye ta ke, ana tambayar sa'a nawa za a ƙara wa agogonka ya zama GMT, amsar Nijeriya a nan -1 ce. Wanda ya musanya alamun nan ya yi kuskuren sa'a biyu, digiri 30. Ba abin da zai fid da kai sai karanta littafin da ya zo da madubinka.

Na uku shi ne agogon bazara. Mutanen Ingila su kan tura agogonsu gaba da sa'a guda daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, shi ya sa a watannin nan agogon Landan da namu ke zama ɗaya. Akala ta kan tambaya ko ana wannan al'ada a inda ka ke. Nijeriya ba ta yi, amsar kullum a'a ce, rani da damina.

Na huɗu shi ne kwanan wata. Akalun SynScan da NexStar suna bin tsarin Amurka, wata a gaba, rana a baya. Akawun da ya saba rubuta 10 ga Fabrairu 10/02, in ya shigar haka, akala za ta karanta 2 ga Oktoba. Taurari kuwa su kan riga fitowar jiya da kusan minti huɗu kowane dare, abin da manoma suka sani tun kaka da kakanni. Da ƙarfe 8 na daren 10 ga Fabrairu Kaza da 'Ya'yanta tana bisa kanka, amma akala za ta ce maka ba ta ko fito ba.

Akwai wani kuskure ƙarami da ya kamata a ambata. Wayar hannu ta kan nuna Rano 8.58, wannan kuwa kashin ɗari ne, ba minti 58 ba. Riɓa 0.58 da 60, sai ya ba ka minti 35.

ƘARYA BIYU MASU RUFA WA JUNA ASIRI

A ƙasarmu akwai wani abu mai ruɗarwa wanda ya cancanci a tsaya a kansa. A ce mutum ya bar yankin agogo a sifiri, ya kuma bar harafin W. Kuskuren fari ya tura lissafi gaba da digiri 15, na biyu ya ja shi baya da digiri 17 da ɗan wani abu. Saura digiri 2 kacal a Rano. A Kaduna da Katsina da Abuja kuwa, da ya ke suna kusa da layin digiri 7 da rabi, kurakuran biyu kusan cinye juna su ke yi ƙurmus. Mai madubi zai ga taurari suna faɗowa kusa da inda ya nema, ya ɗauka kome lafiya. Ran da wani ya lura da W ɗin nan ya gyara shi kaɗai, sai madubi ya haukace, a ce mai gyaran ne ya ɓata. Maganin abin shi ne, in za a gyara a bi tambayoyin duka huɗu ɗaya bayan ɗaya, kada a taɓa guda a bar saura.

Wani abin da ke ɓoye kuskure kuma shi ne saiti da taurari. Da dare akala ta kan ce ka nuna mata manyan taurari biyu ko uku, daga nan ta daidaita kanta. Wannan ya kan rufe ɓarna mai yawa, har mutum ya shekara bai san lambobinsa ba daidai su ke ba.

RANAR DUBAN WATA

Asiri ya kan tonu ran 29 ga wata, sa'ad da jama'a suka hau duwatsun Rano ko suka fita bayan gari neman jinjirin watan azumi ko na salla. A lokacin nan taurari ba su fito ba balle a yi saiti da su, sai a dogara ga wuri da agogo, ko ga saitin daren jiya. Jinjirin wata kuwa siriri ne kamar zare, yana ƙasa-ƙasa cikin jan gari da ƙura, sau da yawa ba ya cika sa'a guda bayan faɗuwar rana shi ma ya faɗi. Ba lokacin neman littafi ba ne. In an bar yankin agogo a sifiri, akala za ta ɗauka sa'a guda ta riga ta wuce, ta ce wata ya faɗi alhali yana nan. In W aka bari, madubi zai ɗaga kai ya dubi wofi can sama da shi. Mutane su watse su ce ba a gani ba, ba kuwa laifin sama ba ne.

Akwai abin da ya fi wannan muni. Wata yana nisantar rana da kimanin digiri 12 a kowace rana, saboda haka jinjirin kwana ɗaya yana gabas da ita da wajen wannan gwargwado. Kuskuren sa'a guda kuwa digiri 15 ne wajen yamma. Wanda ya yi gaggawa ya aiki madubi neman wata tun rana ba ta faɗi ba, da akala mai irin wannan kuskure, yana iya kai bakin madubin kusa da ranar kanta. Hasken rana in ya bi ta madubin hangen nesa ya kan ƙone ido nan take, ƙunar nan kuwa ba ta da magani. Malamin da ya tara yara a gindin madubi amana ce a hannunsa. Kada a cire murfi, kada kowa ya kai ido, sai rana ta ɓace sarai.

Sai a tuna kuma madubi mataimaki ne kawai. Wanda ya ga wata ya kai labari wurin dagaci ko hakimi yadda aka saba, su kai gaba, sanarwa kuwa ta Mai Alfarma Sarkin Musulmi ce.

AIKIN DA MALAMI ZAI YI DA YARA

Malami yana iya auna layin tsayen garinsa da sanda da igiya da agogo mai kyau. Akwai ranaku huɗu a shekara da tafiyar rana ke dacewa da ta agogo: wajen 15 ga Afrilu, 13 ga Yuni, 1 ga Satumba da 25 ga Disamba. A ɗaya daga cikinsu, in gari ya yi garau, a kafa sanda tsaye sosai a fili mai laushi daidai, a zana da'ira kewaye da ita. Da hantsi a rubuta lokacin da kan inuwa ya taɓa da'irar yana shiga, da yamma kuma a rubuta lokacin da ya taɓa ta yana fita. Tsakiyar lokatan nan biyu ita ce tsayuwar rana.

A ce an sami ƙarfe 10 daidai da safe, da ƙarfe 2 da minti 52 da rana. Tsakiyarsu 12 da minti 26. A ɗebe sa'a guda, ya zama 11 da minti 26 agogon GMT. Saura minti 34 sha biyu ta cika a Girinwic. A raba 34 da huɗu, an sami digiri 8 da rabi gabas. Yaran Rano sun gano mazaunin garinsu a bayan ƙasa ke nan da hannunsu. Wannan lissafi shi ne ya gagari matuƙan jiragen ruwa shekaru masu yawa don rashin agogon da ba ya ɓata a teku, har majalisar Ingila ta sa ladan da ya kai fam 20,000 a 1714, wani kafinta mai suna John Harrison ya ƙera agogon da aka tafi gwadawa a teku a 1761. Yaron da ya yi aikin nan sau ɗaya ba zai ƙara rikita wuri da agogo ba.

Daga ƙarshe ga abin da ya kamata mai madubi a ƙasar Rano ya rubuta a takarda ya manna a jikin akwatinsa. Layin tsaye, digiri 8 da minti 35, gabas. Layin kwance, digiri 11 da minti 33, arewa. Yankin agogo, sa'a guda gaba da GMT. Agogon bazara, a'a. Kwanan wata, a duba wanne ke gaba, wata ko rana. Sa'an nan tun ana saura kwana uku ko huɗu a fita duba, a gwada madubin da dare a kan wani babban tauraro da kowa ya sani, kafin a yi saiti. In ya tsaya kusa da shi, madalla. In ya kauce da dunƙulen hannu ɗaya da rabi, a nemi sa'a guda da ta ɓata. In ya kauce da dunƙule uku, alama aka juya. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya ƙara mana sani mai amfani, ya nuna mana watan lafiya, amin.